Daga Chandni Chowk zuwa Sarnath: masu ibadar da ba su yarda akwai Mahalicci ba

Jinyar Yaya ce ta kai ni Delhi. Bayan an yi masa aikin gwiwa, likitoci suka ce sai an ɗan jima ana motsa masa ƙafar kafin ya iya hawa jirgi, sai zaman ya yi mini yawa, ba abin da nake yi sai kai abinci da jiran likita. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Greater Noida, inda ɗaliban Najeriya suke da yawa, ya zo wata Asabar ya ce, "Kawu, tashi mu shiga tsohon gari. Indiyar da kake gani ta tagar asibiti ba ita ce Indiya ba."

Mun fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a gaban Lal Qila, jan gidan sarautar da Sarki Shah Jahan ya gina a ƙarni na 17. Daga ƙofarsa titin Chandni Chowk ya miƙe yamma har masallacin Fatehpuri. Tsawonsa bai kai kilomita biyu ba, amma a kansa akwai wurin ibadar mabiya Jain, da na 'yan Hindu, da na Sikh, da coci, da masallatai, a tsakanin shagunan yadi da na gwal da masu suyar alawa. Mai son ya san ko duk addinan duniya sun yarda akwai wanda ya halicci sama da ƙasa, to a wannan titin kaɗai zai sami amsar kafin la'asar.

Ginin farko da ke bakin titin, mai jajayen hasumiyoyi, shi ne Lal Mandir na mabiya Jain, wanda asalinsa ya koma zamanin Shah Jahan ɗin. A ƙofa ba takalmi kaɗai ake cirewa ba. Mai gadi ya nuna bel ɗina da walat ɗina, ya ce duk abin da aka yi da fatar dabba a waje yake kwana. A sama muka tarar da gumaka na farin dutse da na baƙi, duk a zaune sun tanƙwashe ƙafa, hannu bisa hannu, ido a sunkuye, ba makami, ba ado. Wata dattijuwa tana zuba ƙwayoyin shinkafa a kan wani ɗan teburi, tana jera su da ɗan yatsa, bakinta yana motsi. Duk wanda ya gan ta zai ce roƙo take yi.

A farfajiya na zauna kusa da wani tsohon ɗan kasuwa mai jin Turanci, na tambaye shi cikin ladabi wanne ne a cikin waɗannan suke cewa ya halicci duniya. Ya girgiza kai ya ce babu. Na ce to wanda ke sama da su fa? Ya ce shi ma babu. A wurinsu duniya ba a yi ta ba, ba ta da farko, ba ta da ƙarshe. Rayuka da ƙwayoyin halitta da sarari da lokaci duk tun fil'azal suke, siffa kawai suke canzawa. Waɗanda ke zaune a dutsen nan mutane ne su 24 da suka yaƙi son zuciyarsu har suka kuɓuta, suka nuna wa na baya hanya. Na ƙarshensu shi ne Mahavira, wanda ya yi zamani da Buddha shekara 2,500 da suka wuce ko kusa da haka. Ya ce, "Ba sa jin mu, ba sa ba mu komai, ba sa hana mu komai. Muna tsayawa gabansu ne don mu tuna abin da ɗan Adam zai iya zama."

Na tambaye shi wa ke saka wa mai alheri, wa ke hukunta azzalumi. Ya ce aikin da kansa. A koyarwarsu, duk abin da ka aikata yana jawo wata ƙura mai laushi da ido ba ya gani, ta manne wa rai, ta yi masa nauyi, ta ja shi zuwa wata haihuwar, ko a sama, ko a cikin mutane, ko dabba, ko a ɗaya daga cikin gidajen azaba bakwai. Akwai sakamako, akwai azaba, amma babu alƙali. Malamansu ma ba shiru kawai suka yi a kan Mahalicci ba, musu suka yi. Wani babbansu mai suna Jinasena, a ƙarni na 9, ya rubuta hujjoji yana tambayar inda mahaliccin yake kafin halitta, da abin da zai sa wanda ba ya buƙatar komai ya yi sha'awar yin wani abu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana bayan ginin. Asibitin tsuntsaye ne, hawa-hawa, keji bisa keji. Na ga tattabarai da aku, wasu fanka ta sare su, wasu zaren wasan tashin takarda da yaran Delhi ke yi a saman soraye ya yanke musu fiffike. Wani ma'aikaci ya riƙe tattabara a tafin hannu, ya buɗe mata baki da babban yatsa, yana ɗiga mata magani, ga ƙafarta a ɗaure da ɗan farin ƙyalle. Ba a karɓar ko rufi ɗaya (kuɗin Indiya ke nan), sadakar 'yan kasuwar Jain ce ke riƙe da wurin. Mutanen nan ba sa cin nama, masu tsantseninsu ba sa cin albasa da tafarnuwa da dankali saboda tono su yana kashe ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana, suna tace ruwa kafin su sha. Suna da kwanakin azumi a shekara, a ƙarshensu kowa ya nemi gafarar kowa. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta same su kusan miliyan 4.5. Ba wanda zai ga wannan takura kai ya ce ba su da addini. Suna da shi, mai tsanani kuwa, kuma babu Mahalicci a cikinsa.

Dole wannan ya yi wa Bahaushe nauyi a kunne, domin a ƙasarmu ba a saba yin gardama a kan samuwar Mahalicci ba. Bamaguje yana yanka wa iskoki, amma in ka tambaye shi wa ya yi sama zai ce Allah. Bayarabe mai addinin gargajiya yana da Olodumare, Ibo yana da Chukwu, Kirista maƙwabcinmu littafinsa da halittar sama da ƙasa ya fara. Alƙur'ani ma ya faɗa game da mushrikan Makka, a Suratu Luƙman aya ta 25, cewa in ka tambaye su wa ya halicci sammai da ƙasa za su ce Allah. Rigimarmu da kowa a kan tarayya take, wato wa ake haɗawa da Shi. Gaskiya ne Suratul Jasiya aya ta 24 ta ambaci masu cewa zamani ne kaɗai ke halaka su, amma waɗancan rayuwar duniya kawai suka sani. Tsohon nan na Lal Mandir ya fi mutane da yawa tsoron abin da ke bayan mutuwa.

Tafiya kaɗan daga nan sai Sis Ganj, wurin ibadar Sikh mai ƙubbobin zinariya. Aka ba mu ƙyallen rufe kai, muka taka ta cikin ruwan wanke ƙafa. Babu gunki ko ɗaya, littafi ne a ƙarƙashin rumfa ana yi masa fifita ana rera karatu. Wani mai rawani ya gaya mana kalmomin farko na littafin nasu suna cewa Ubangiji ɗaya ne, shi ne mai halitta, ba ya tsoro, ba ya gaba, ba a haife shi ba. Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469, shi ya kafa wannan hanya. Wurin kuma an gina shi ne a daidai inda aka sare kan jagoransu na tara, Guru Tegh Bahadur, a 1675 bisa umarnin Sarki Aurangzeb. Na ji wannan tarihin a jikina a matsayina na Musulmi, duk da haka ba wanda ya canza mana fuska. Suka zaunar da mu a sahu a ƙasa tare da 'yan dako da attajirai, aka zuba mana miyar wake da gurasa kyauta, kamar yadda ake yi wa kowa kullum. Tsakanin masu cewa ba wanda ya yi duniya da masu buɗe littafinsu da sunan Mai halitta, tafiyar minti goma ce a ƙafa. Muka yi la'asar a masallacin Fatehpuri, wanda ɗaya daga cikin matan Shah Jahan ta gina a 1650, muka fito ta Khari Baoli, kasuwar kayan yaji, inda ƙurar barkono ta sa mu atishawa har bakin titi.

Maganar ba ta bar ni ba. Da jikin Yaya ya yi ƙwari har yana takawa da sanda, muka bar shi a hannun wani ɗan'uwa, muka hau jirgin ƙasa mai sauri zuwa Banaras, wanda a takarda ake rubuta Varanasi, tafiyar awa takwas.

Banaras gari ne da ke kallon kogin Ganga. Matattakalai na dutse sama da 80 suna gangarawa cikin ruwa, da asuba dubban mutane suna tsaye a ciki har ƙugu, suna ɗiban ruwa da tafi suna ɗaga wa rana. A matattakalar Manikarnika wutar ƙona gawa ba ta mutuwa dare da rana, itace a jibge kamar tsauni, ana auna shi a sikeli. Mai masaukinmu tsohon malamin makaranta ne, ɗan Hindu. Da na kawo masa tambayata ya ce in na tambayi 'yan Hindu goma zan iya samun amsa goma, kuma ba wanda za a kora daga addinin.

Suna da Brahma, wanda aikinsa halitta ne, amma kusan ba a bauta masa. Wuraren ibadarsa a duk faɗin Indiya kaɗan ne, wanda aka fi sani yana Pushkar a jihar Rajasthan. Shi kansa Brahma haifar sa ake yi, yana da wa'adi, kuma yini ɗaya nasa a lissafinsu shekara biliyan 4.32 ne, duniya tana buɗewa tana naɗewa ba iyaka. Masu bin Vishnu sun ce daga gare shi komai ya fito, masu bin Shiva, wanda Banaras garinsa ne, sun ce daga nasu. Almajiran Shankara, wani babban malaminsu, sun ce haƙiƙa ɗaya ce tak, duniya ba wani abu ba ne dabam da aka yi a waje da ita. Daga cikin tsoffin mazhabobinsu shida, Nyaya ta kafa hujjoji cewa akwai Ubangiji, amma a wurinta aikinsa kamar na maginin tukwane ne, ya tarar da yumɓun, ƙwayoyin halitta dawwamammu ne. Samkhya ta asali da Mimamsa kuwa ba su ga buƙatar Mahalicci ba sam, alhali Mimamsa ita ce ta fi kowa tsayawa a kan hadaya da kiyaye karatun Veda, tsoffin littattafan addininsu. Har a cikin Rigveda, mafi tsufan littattafansu, akwai waƙar da ke tambayar daga ina halitta ta zo, ta ƙare da cewa wanda ke dubanta daga can sama shi ya sani, ko wataƙila shi ma bai sani ba.

Na gaya masa wani malaminmu, Al-Biruni, ya zauna da malamansu ya koyi Sanskrit, ya rubuta littafi a kan Indiya wajajen 1030, inda ya ce masu iliminsu sun yarda da Ubangiji ɗaya marar farko marar ƙarshe, gumaka na talakawa ne. Ya ce ya san sunan, kuma maganar gaskiya ce a kan wasunsu, ba duka ba. Ni dai abin da na fahimta shi ne, ko inda aka ce akwai mahalicci a nan, sau da yawa ba ana nufin wanda ya samar da komai daga babu da kalmar "kasance" ba ne.

Sarnath tana nesa da Banaras da kamar kilomita 10. A daidaita sahu muka je, irin wadda ta cika Kano, don daga Indiya ma ake kawo ta. A nan Buddha ya yi wa'azinsa na farko ga abokan gudun duniyarsa su biyar. Abin da ke tsaye a wurin shi ne Dhamek, wani dunƙulallen gini na dutse da jan bulo, tsayinsa ya haura mita 40, ba ƙofa ba ɗaki, an gina shi wajajen shekara ta 500 Miladiyya a kan wani da ya girme shi. A jikin dutsen an sassaƙa furanni da zayyana mai kyau. Ga kuma guntayen ginshiƙin Sarki Ashoka na ƙarni na 3 kafin Miladiyya, wanda zakunan da ke kansa suka zama tambarin Indiya a 1950, suna jikin kowace takardar rufi. Maziyarta daga Sri Lanka sanye da farare sun zauna a ciyawa suna amsa karatu, 'yan Tibet masu jan tufa suna kewaya ginin da carbi a hannu, wata mata daga Tailan tana goga ɗan siririn ganyen zinariya a jikin wani tsohon bulo da babban yatsanta.

Kusa da nan, a harabar Mulagandha Kuti, wurin ibadar mabiya Buddha da aka buɗe a 1931, muka sami wani malaminsu ɗan Sri Lanka, kai a aske, yana zaune a inuwa. Ya karɓe mu da fara'a. Ya ce su ba su musa samuwar halittun sama ba, suna da yawa, suna daɗewa, amma su ma mutuwa suke yi. Ya ba mu wani labari da ke cikin littattafansu: in duniya ta sake buɗewa, akwai wanda yake fara bayyana shi kaɗai a wata sama. Kaɗaici ya dame shi, ya yi fatan samun abokai, sai wasu suka bayyana saboda nasu wa'adin ya yi. Shi ya ɗauka fatansa ne ya samar da su, su kuma da suka tarar da shi suka ɗauka shi ya yi su. A wurinsu daga nan tunanin mahalicci ya samo asali. Farkon kewayen haihuwa da mutuwa kuwa, Buddha ya ce ba a iya gano shi. Da wani almajiri ya matsa sai an gaya masa ko duniya dawwamammiya ce, ya ba shi misalin wanda aka harba da kibiya mai dafi, ya hana a cire sai ya san sunan maharbin da irin icen bakan. Zai mutu kafin ya sani.

Ban yi shiru ba, don shiru a nan ba ladabi ba ne. Na karanta masa ma'anar Suratuɗ Ɗur aya ta 35: shin an halicce su ne ba daga kowa ba, ko kuwa su ne masu halittar? Na kuma kawo masa abin da muka karanta a zaure a darasin tauhidi, cewa duniya tana canzawa, duk mai canzawa fararre ne, fararre kuwa dole yana da wanda ya fare shi. Ya saurara har na gama. Ya ce rabin farko nasu ne, ai shi ne zuciyar koyarwarsu, ba abin da ke tsayawa a hali ɗaya, komai yana tasowa ne saboda wani dalili. Rabi na biyu ne bai bi ni ba. In komai yana da dalili, in ji shi, me zai sa a ware guda ɗaya a ce shi ba shi da shi? Na ce masa jerin da kowane ɗaya a cikinsa yake jingine da na bayansa ba zai tsaya ba sai da wanda ba ya jingine da kowa, shi muke kira Assamad. Ya ce jerin ba ya buƙatar tsayawa.

A nan muka rabu, kuma na yi ta juya wannan wurin a raina. Abu ɗaya muke kallo da ni da shi: yaro ya tsufa, gini ya rushe, daula ta wuce. Ni na ga wannan na ce lallai akwai Wanda ba ya wucewa. Shi ya gani ya ce babu abin riƙewa, sai a saki komai. Hujjar da aka koya mana ta fi ƙarfi a wurina yau fiye da da, domin na gan ta a gaban wanda ya san inda zai taɓa ta, kuma ban ga ta faɗi ba. Amma mutumin ba jahili ba ne, ba kuma mai wasa da addini ba ne. Ya bar gida da dukiya, ba ya cin abinci bayan rana ta take tsaka, kuma bayansa akwai ɗaruruwan miliyoyin mutane daga Sri Lanka har Japan.

Da muka fito ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, to in ɗansu ya kwanta ciwo wa suke kira?" Tambayar ta yi ma'ana, kuma amsar tana bayyane ga mai lura. Suna kira. A Sri Lanka akwai ɗakunan Vishnu da Kataragama a cikin harabar wuraren ibadar Buddha, a nan ake kai kukan rashin lafiya da na jarrabawa. A tsakiyar Bankok akwai gunkin Brahma na Erawan da ba ya rabuwa da masu alwashi. 'Yan Tibet suna kiran Tara, wasu mabiya Jain suna kiran Padmavati. Zuciyar ɗan Adam in ta ƙuntata sai ta ɗaga kai, wannan na gan shi ko'ina. Sai dai ba ɗaya daga cikin waɗanda ake kira ɗin da suke cewa shi ya yi sama da ƙasa. A Indunisiya, inda tsarin ƙasa ya wajabta imani da Ubangiji ɗaya, sai da wasu shugabannin mabiya Buddha suka nemo sunan Adi Buddha daga tsoffin rubuce-rubucen Jawa don su cika sharaɗin, wasunsu kuma ba su gamsu da hakan ba.

Ɗan ƙanwata ya ce yana da abokin ɗaki ɗan Myanmar mai bin Buddha, kuma kullum yakan ce masa ai duk Allah ɗaya muke bauta wa, yaron sai ya yi murmushi kawai. Na ce masa, "Ɗana, ka daina faɗa masa haka. Da kyakkyawar niyya kake yi, amma kana sa masa magana a baki, kuma kana rage wa taka nauyi. Ka tambaye shi abin da ya yarda da shi, ka bari ya kai aya."

Kafin mu nemi abin hawa muka leƙa wani gini mai launin rawaya da ke jingine da katangar Dhamek. Na mabiya Jain ne, an gina shi a 1824 don tunawa da Shreyansanath, na 11 a cikin jagororinsu 24, wanda suka ce a wannan yankin aka haife shi. Na ce wa mai kula da wurin ashe su da maƙwabtansu bakinsu ɗaya, tunda duk sun ce ba Mahalicci. Ya ce a'a, nesa ma kuwa. Mabiya Buddha sun ce babu wani rai tabbatacce a cikin mutum, abubuwa ne ke haɗuwa suna rabuwa. Su kuwa sun ce rayuka gaskiya ne, ba su ƙidayuwa, kowanne daban yake, ba a fare shi ba kuma ba zai ƙare ba, daga na mutum har na ƙwaron da ke cikin ɗigon ruwa. Ya ce malamansu da na Buddha sun fi shekara dubu suna rubuta wa juna raddi a kan wannan, sannan su haɗu su yi wa malaman Nyaya raddi a kan Mahalicci.